Haƙoran Kifin Shak da na 'Yan'uwansa na Binuwai

Wanda ya tashi a Yola ko Jimeta ba a yi masa kwatancen kifi. Ga Binuwai, ga tafkin Geriyo, ga kuma Njuwa wadda ta yi suna saboda bikin kamun kifi na mutanen Bata na Rugange da Njoboliyo da ƙauyukan kewaye. Yaro ɗan aji uku ya iya rarrabe tarwaɗa da kurungu tun daga nesa. Amma a tambaye shi, kai ko malaminsa ma, me ke faruwa idan haƙorin tsage ya karye, sai a ji shiru. Mu kan ci kifi mu jefa wa kyanwa kai, alhali kuwa darasi guda ne muka yar.

A wannan karo za mu duba haƙoran wani kifin teku da a ke kira shak, Larabawa kuwa su ce ƙirshu. Wani zai ce, ina ruwanmu da shak, mu da ba mu da teku? Gaskiya ne, babu shak a Njuwa. Amma akwai ɗan'uwansa na jini a Binuwai, akwai kuma haƙoran kakanninsa binne cikin duwatsun ƙasar nan. Ban da haka, bakin shak shi ne wurin da ya fi sauƙin ganin amsar wata tambaya da ta shafi kowane mai haƙori, har mu mutane. Tambayar ita ce: tun da ya ke duk abin da ke yanka sai ya dakushe, yaya dabba za ta yi da haƙoranta in sun cinye?

Wane ne shak?

Shak iri-iri ne, sun fi iri 500. Akwai wanda tsawonsa bai wuce inci 8 ba, akwai wanda ya kan kai ƙafa 40. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba su da ƙashi irin na giwan ruwa ko karfasa. Ƙirar jikinsu ta guringuntsi ce, irin wanda ke kunnenka da kan hancinka. Har muƙamuƙinsu ma guringuntsi ne, sai dai an ƙarfafa bayansa da 'yan ƙwayoyin sinadarin kalsiyam. Ku riƙe wannan magana ta guringuntsi, don za mu komo kanta.

Ginin haƙori

In aka tsaga haƙorin shak biyu, za a ga abu huɗu.

Na fari, ɓawo. Shi ne farin nan mai ƙyalli da ke rufe da kan haƙori. Ya yi kama da ɓawon haƙorin mutum, wanda likitoci ke kira inamel, amma akwai bambanci. Ɓawon namu yawancinsa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet. Na shak ma haka, sai dai shi nasa cike ya ke da fuloraid, watau sinadarin nan da a ke sa wa man goge baki don hana haƙori ruɓewa. Amfanin fuloraid shi ne tsami ba ya saurin cin ma'adinin da ke da shi.

Na biyu, hauren ciki, wanda a ke kira dentin. Shi ne mafi yawan jikin haƙori. Bai kai ɓawo tauri ba, amma ya fi shi jure bugu, don yana ɗan lanƙwasawa. Hauren giwa ma dentin ne. Ɓawo da dentin kamar bakin fartanya ne da ƙotarta: ɗaya don yanka, ɗaya don ɗaukar nauyin sara.

Na uku, ɓargo, watau wurin jijiyoyi da hanyoyin jini. A wasu irin shak rami ne guda ɗaya a tsakiya, kamar namu. A wasu kuwa, irin su farin shak, an cike ramin da wani dentin mai ƙofofi kamar soso.

Na huɗu, saiwa. A nan ne babban bambanci ya ke. Haƙorin mutum dashe ya ke cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, kamar yadda a ke kafa dirka. Na shak ba shi da rami. Saiwarsa mai faɗi ce, tana zaune bisa muƙamuƙi, wata fata mai ƙarfi da zarurruka suna riƙe da ita. Saboda haka fizge shi ba wuya.

Wani abin mamaki kuma, fatar shak kanta lulluɓe ta ke da 'yan ƙananan haƙora, kowanne da ɓawonsa da dentin da ɓargonsa. In ka shafa daga kai zuwa wutsiya sai ka ji santsi, in ka komo da hannu sai ka ji kaushi. A da masassaƙa a wasu ƙasashe da busasshiyar fatar shak su ke goge itace.

Layi bayan layi

Mutum sau biyu ya ke samun haƙora. Na ƙuruciya 20 ne, in ya yi famfara sai na girma 32 su maye. Daga nan ba ƙari, wanda ya faɗi ya bar giɓi ke nan har abada.

Shak kuwa famfara ya ke yi tun daga haihuwa har mutuwa. In ka buɗe bakinsa za ka ga layin gaba a tsaye, shi ke aiki. Ka ɗaga naman da ke bayansa, sai ka tarar da waɗansu layuka a kwance, suna fuskantar maƙogwaro, ɗaya bisa ɗaya kamar jinkar ɗaki. Na can ƙurya ɗanye ne, bai gama ƙanƙara ba. Fatar nan da ke riƙe da saiwoyi kullum tafiya ta ke yi a hankali, daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da haƙoran. Haƙori ya taso daga ƙurya, ya miƙe tsaye a bakin muƙamuƙi, ya yi aikinsa, sa'an nan ya wuce gaba ya faɗi cikin ruwa. Kafin ya faɗi na bayansa ya riga ya iso.

Ku lura da kyau, ba jira a ke yi haƙori ya lalace kafin a sauya shi ba. Ko ya dakushe ko bai dakushe ba, in lokacinsa ya yi sai ya tafi.

Kwana nawa ke nan? Ya danganta ga irin kifin, da shekarunsa, da ɗumin ruwa. A 1990 waɗansu masana a Fulorida ta Amurka suka bayyana abin da suka gani ga wani shak mai yawan kwanciya a ƙasan teku, wanda Turawa ke kira nas. Lokacin zafi layi ɗaya kan ɗauki kwana 9 zuwa 21 kafin ya sauya, lokacin sanyi kuwa kwana 51 zuwa 70. Dalili, jikin kifi ɗumin ruwa ya ke bi, in ruwa ya yi sanyi duk aikin jiki sai ya yi sanyi. In kun yi lissafi da wannan, za ku ga shak ɗaya ya kan zubar da dubban haƙora kafin ya mutu.

Yawancinsu ɗai-ɗai su ke zubarwa. Amma akwai wani ƙaramin shak na zurfin teku, tsawonsa kamar kamu ɗaya, wanda haƙoransa na ƙasa ke haɗe kamar bakin zarto. Shi layin gaba ɗaya ya ke cirewa, ya haɗiye abinsa.

Kowane haƙori da sana'arsa

Da kayan aiki a ke gane sana'ar mutum. Haka nan da haƙori a ke gane abincin shak.

Mai cin ƙananan kifaye masu santsi, haƙoransa dogaye ne sirara masu tsini kamar basilla, don kamawa kaɗai, haɗiya ya ke yi ba tauna ba. Farin shak, mai cin manyan namun teku, nasa masu kusurwa uku ne, faffaɗa, gefensu da tsaga-tsaga kamar zarto. Wanda a ke kira shak-damisa saboda zanen jikinsa, nasa sun karkata gefe kamar zankon zakara, da su ya ke yanka ƙoƙon bayan kunkurun teku. Masu cin kaguwa da dodon koɗi, haƙoransu na ciki shimfiɗaɗɗu ne kamar dutsen niƙa. Shi kuwa mafi girman duka, mai ƙafa 40 ɗin nan, haƙoransa 'yan mitsi-mitsi ne, ba ya ma cin abinci da su, tace ruwa ya ke yi.

Masu haƙoran zarto ba cizo kaɗai su ke yi ba. In sun kama nama sai su girgiza kai dama da hagun. Zarto ai sai an ja shi ya ke ci.

Yadda su ke cinyewa

Mutane da yawa sun ɗauka haƙorin shak ya fi na kowa tauri. Ba haka ba ne. A 2012 masana a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus suka auna taurin haƙoran shak iri biyu, suka gwada da na mutum, suka tarar kusan ɗaya su ke. Ko da ya ke ma'adinin mai fuloraid ya fi namu tauri in shi kaɗai ne, a cikin haƙori an gauraya ƙwayoyinsa da wani abu mai danƙo don kada ya farfashe kamar tangaran. Watau an rage tauri don a sami juriya.

To, tun da bai fi namu tauri ba, lalle yana cinyewa. Ta hanya uku ya ke cinyewa.

Ta fari, dakushewa. A 2016 waɗansu masana na Jami'ar Washintan ta Amurka suka yi wata dabara. Suka liƙa haƙoran shak iri huɗu a jikin ruwan zarto mai aiki da lantarki, suka yi ta yanka kifi da shi, don su kwaikwayi girgiza kan nan. Haƙoran shak-damisa suna cikin waɗanda suka fi ci, amma bayan yanka kaɗan sai kaifinsu ya ragu ƙwarai. Na wani shak na zurfin teku, mai tsagar numfashi shida a wuya, ba su kai waɗancan ci ba, amma sun fi su daɗewa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san askar wanzami da gatarin mai faskare. Aska ta fi kaifi, amma kullum tana kan mawashi. Gwargwadon sirantar baki, gwargwadon saurin dakushewa.

Ta biyu, karyewa. In haƙori ya haɗu da ƙashi, ko ƙoƙon kunkuru, ko ƙaya, sai tsininsa ya gutsure, ko ya tuge ɗungum. Sau da yawa a kan sami guntun haƙorin shak a cikin raunin dabbar da ta kuɓuta daga bakinsa.

Ta uku, cin tsami. Hayaƙin da duniya ke fitarwa yana narkewa cikin teku, yana ƙara wa ruwan tsami sannu a hankali. A 2025 masana a Jamus suka jiƙa zubabbun haƙoran shak mako 8 cikin ruwan teku da aka ƙara wa tsami, suka ga sun fi na ruwan yau da kullum tsattsagewa da zaizayewa, har saiwa. Ashe fuloraid kariya ce, amma tana da iyaka.

Ga abin da ya kamata a riƙe ke nan. Ƙarfin bakin shak ba daga taurin haƙori ya ke ba, daga yawan sauyi ya ke. Shak ba shi da mawashi, saboda haka maimakon ya wasa aska, sai ya yar da ita ya ɗauko sabuwa.

Na gida

Yanzu mu komo Binuwai mu ga yadda namu kifayen ke fama da wannan matsala.

Kunaman ruwa shi ne ɗan'uwan shak da muka ambata. Kifi ne mai faɗi kamar faifai, faɗinsa ya kan kai inci 16, yana da doguwar wutsiya mai ƙari, yana kwanciya cikin yashi. Shi ma guringuntsi ne ba ƙashi ba. Bakinsa a ƙasa ya ke, haƙoransa ƙanana ne jere kamar daɓe, da su ya ke murƙushe 'ya'yan ƙwarin ruwa. Suna tafiya layi bayan layi, daidai yadda na shak ke yi. Ƙarin wutsiyarsa ma daga irin 'yan haƙoran fatar nan ya samo asali. Masunta sun san shi tun kaka da kakanni, amma sai a 1962 waɗansu Faransawa biyu, Stauch da Blanc, suka rubuta shi cikin littattafan masana, daga wanda aka kama a Garwa ta Kamaru. Shi ya sa a ke kiransa garouaensis, watau na Garwa. Abin baƙin ciki, ya yi ƙaranci ƙwarai. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun duniya, ta sa shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kifin da ke cikin kogunan Nijeriya da Kamaru kaɗai, in ya ƙare a nan ya ƙare a duniya ke nan.

Tsage, wanda waɗansu ke kira zawai, kifi ne mai ƙashi, ba dangin shak ba ne. Haƙoransa masu tsini suna shiga tsakanin juna, ana ganinsu ko ya rufe baki. Tambayi masunci abin da su ke yi wa taru da igiyar fatsa. Shi ma yana sauyawa, amma dabararsa dabam. Haƙoran ajiya suna kwance cikin wani kwari a ƙashin muƙamuƙi, ƙarƙashin masu aiki. In lokaci ya yi sai tsofaffin su zube kusan tare, sababbi su miƙe cikin 'yan kwanaki. Hikimar a fili ta ke: haƙoran da ke shiga tsakanin juna dole girmansu ya zo ɗaya.

Talibambam, mai kumbura ciki, haƙoransa sun haɗe sun zama falle huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kamar bakin aku. Dodon koɗi ya ke fasawa, bakin yana cinyewa daga sama, yana ƙaruwa daga ƙasa.

Gaiwa, mai shiga laka da rani, faranta gare ta masu tudu-tudu a madadin haƙora. Ba ta zubar da su, girma su ke yi muddin ranta.

Kun ga matsala ɗaya, magani uku: sauyi ɗai-ɗai, sauyi gaba ɗaya, da ƙari daga tushe. Mutum babba ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Ɓawon haƙorinsa in ya cinye ba ya tofowa.

Haƙoran cikin dutse

A Turai a da, mutane kan tsinci waɗansu duwatsu masu kusurwa uku, musamman a tsibirin Malta, suna kiransu harsunan dutse. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno ta Italiya, aka aika wa wani masani mutumin Danmak, Nikolas Steno, da kansa. Da ya feɗe shi, ya ga haƙoran daidai su ke da harsunan dutsen nan. A 1667 ya rubuta cewa haƙoran shak ne na zamanin da, wurin da a ke samunsu kuwa teku ne a da.

Me ya sa haƙori kaɗai a ke samu? Ku tuna da guringuntsi. In shak ya mutu jikinsa ruɓewa ya ke yi sarai. Haƙori ne kaɗai mai jurewa, ga shi kuma kowane shak ya zubar da dubbai. Laka ta rufe su, ma'adinin ƙasa ya shige su, su koma baƙaƙe ko ruwan ƙasa. Mafi girmansu na wani shak ne da ya ƙare, megalodon, haƙorinsa ɗaya ya kan kai inci 7.

Mu ma muna da namu. Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce, teku ya shigo kwarin Binuwai, har ya sadu da wani tekun da ya ratso Sahara daga arewa. A Ashaka ta Jihar Gombe, inda a ke haƙar farin dutsen siminti, an sami haƙoran shak da na dangin kunaman ruwa na wancan zamani, aka bayyana su a 2014. A ƙasar Sakkwato kuwa tun 1934 wani Bature, E. I. White, ya rubuta littafi guda a kan kifayen cikin dutse na lardin. Akwai irinsu kuma a ƙasar Tawa ta Nijar.

Kada malami ya kwashi yara zuwa dutsen Bagale neman haƙorin shak. Dutsen da ke kewaye da Yola da Jimeta yashin tsofaffin koguna ne ya daskare, ana kiransa dutsen Bima, ya kuma girmi zuwan teku. Shimfiɗar da teku ya bari tana yamma, wajen Numan da Guyuk. Can a ke ganin farin dutse da laka mai falle-falle masu ɗauke da ƙwaryar halittun teku.

Yadda za a koyar

Gani ya kori ji. Ga abin da malami zai iya yi ba da kuɗi mai yawa ba.

1. Ka sami kan babban tsage a wurin masu kifi a bakin kogi. Ka dafa shi kaɗan, ka cire naman, ka shanya. Yara su ƙirga haƙora, su nemi na ajiya a kwarin muƙamuƙi.

2. Ka jera yara layi biyar. Na gaba su tsaya, na baya su durƙusa. In ka tafa, na gaba su fita, na biyu su miƙe su matso. Bakin shak ke nan.

3. Ka kawo wuƙa, da zarto, da basilla, da dutsen niƙa. Yara su faɗi abincin da ya dace da kowane irin haƙori.

4. Ka sa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemon tsami, wani kuma cikin ruwa zalla, a duba bayan kwana biyu. Daga nan ka gaya musu yadda sukari da ya kwana a baki ke zama tsami.

5. In masunci ya kama kunaman ruwa da rai, a roƙe shi ya bari yara su gani daga nesa da wutsiyar, sa'an nan a mai da shi ruwa.

Ƙarshen darasin kuwa a bakin yaran zai tsaya. Yaran aji ɗaya da na biyu lokacin famfararsu ke nan, haƙoran da ke fito musu su ne na ƙarshe. Wanda ke buɗe kwalba da haƙori, ko fasa ƙwallon goruba, sai a tambaye shi ko layi nawa gare shi a ajiye. Asuwaki ko buroshi safe da dare shi ne abin da ya rage mana. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Tambayoyi

1. Faɗi sassa huɗu na haƙorin shak da aikin kowanne.

2. Me ya sa haƙorin shak ke saurin tugewa, na mutum kuwa ba haka ba?

3. In layi ɗaya na da haƙora 30, yana kuma sauyawa duk kwana 20, haƙora nawa za su zube cikin kwana 360?

4. Gwada dabarar tsage da ta talibambam.

5. Don me a ke samun haƙoran shak a Ashaka, ba a samu a dutsen Bagale?